Dutse da Hangen Nesa a Tarihin Ƙasar Zamfara

A ƙasashen Turawa, hawa ƙololuwar dutse domin kallon shimfiɗar ƙasa wata hanya ce ta shaƙatawa, har gwamnatoci kan keɓe dazuzzuka saboda haka. Amurka ce ta buɗe wannan fage da gandun Yellowstone a 1872. Nijeriya kuwa ta keɓe gandun Gashaka-Gumti a 1991, inda tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya ɗara kowane tsauni a ƙasar. Amma Bahaushen dauri bai san hawan dutse don nishaɗi ba. Abu uku ke kai shi bisa: neman mafaka, hangen abokan gaba, da ganawa da iskoki. Tarihin ƙasar Zamfara ya isa misali.

Bisa ruwayar baka, mazaunin farko na sarautar Zamfarawa shi ne Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yanzu, kuma sunan wurin kansa shaida ne. Nan aka ce Dakka, kakan sarakunansu, ya zauna, kuma akwai wasu manyan kusheyi da ake dangantawa da sarakunan farko. Hikimar zaɓen wurin a fili take. Wanda ke bisa yakan hango ƙurar mahaya tun suna nesa, ya sami sararin tattara iyali da dabbobi, ga shi kuwa doki ba ya sukuwa a kan fa.

Ta fuskar bauta, Dutsen Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau ya shahara da tsafi da kuma bikin Baura, inda a da samari kan hau su kamo mikiya don nuna jarunta. Haka abin yake a Kano, inda littafin tarihin sarakunanta ya nuna Barbushe yana zaune a kan Dala, ba ya saukowa sai ranakun bauta wa Tsumburbura. Watau dai a wancan zamani bisan dutse ba na kowa ba ne.

Da jama'a ta yawaita, noma da fatauci suka bunƙasa, sai dutse ya yi wa mutane kaɗan. Zamfarawa suka sauko fadama, suka gina Birnin Zamfara a yankin Isa, ba nisa da Shinkafi, ganuwa ta maye gurbin dutse. Sai dai ganuwa aikin hannu ce. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin, Gobirawa suka mai da Alƙalawa babban birninsu. Ita ma Alƙalawa ta faɗa hannun masu jihadi a 1808, cikinsu har da Namoda, jarumin Alibawan Zurmi, wanda Ƙaura ta ci sunansa. Da dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, sai arziki ya koma inda ake awon gyaɗa da auduga, duwatsu suka zama kufai.

Abin takaici shi ne, zaman lafiyar da ya kamata ya mai da waɗannan wurare dandalin ɗalibai da masu yawon buɗe ido bai ɗore ba. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi Zurmi da Shinkafi da maƙwabtansu, suka mai da dazuzzuka irin su Dumburum maɓoyarsu. Masana suka rage ziyara, dattawan da suka riƙe labaran kuwa suna ta ƙarewa, wasu a gudun hijira.

Saboda haka wajibi ne jami'o'i da masarautu su gaggauta rubuta abin da ya saura a bakin dattawa. Dutse ba ya gudu, zai jira masu hawansa ko bayan shekara ɗari. Labarinsa ne ba ya jira.