Kiwon Notilus a Tankin Gilashi: Ko Yana Iya Zama Hanyar Kare Shi Daga Ɓacewa?

Tsakure

Wannan maƙala ta auna da'awar da ake yi cewa ajiye notilus, wato Nautilus pompilius da danginsa, a tankunan gida yana taimakawa wajen kare shi. An kwatanta rayuwarsa a teku da abin da manyan gidajen adana halittun ruwa suka cim ma. An gano cewa shekarun da yake buƙata kafin ya balaga sun zarce waɗanda yake iya yi a tsare, saboda haka kowane notilus da ke tankin gida giɓi ne aka bari a teku.

Gabatarwa

Notilus ɗan uwan oktofus ne da sikwid, sai dai shi yana da koɗi a waje, mai ɗakuna kimanin 30 idan ya girma. Yana zaune a ɗaki na ƙarshe, yana da hannaye kusan 90, idonsa kuma rami ne kawai marar madubi. Ana samun sa a gangaren murjani na ƙasashen Filifin, Indunusiya, Falau, Fiji, Papua New Guinea da Ostareliya, a zurfin mita 100 zuwa 700. Kyawun koɗinsa ya jawo masa farauta: tsakanin 2005 da 2008 an shigar da kayan notilus sama da 500,000 ƙasar Amurka kaɗai. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, na 2016 a Johannesburg aka sa dukkan danginsa a Jadawali na Biyu, a 2018 kuma Amurka ta lissafa N. pompilius cikin halittun da ke fuskantar barazana. A cikin wannan hali ne wasu masu sha'awar kiwo ke cewa tanki mafaka ce.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Denton da Gilpin-Brown (1966) sun bayyana yadda sifonkul, wani siririn bututu mai rai da ya ratsa ɗakunan, ke tsotse ruwa daga cikinsu don dabbar ta daidaita nauyinta. Littattafan Ward (1987) da na Saunders da Landman (1987) sun faɗaɗa wannan bayani, kuma babu jayayya a kansa.

Jayayyar tana ga yadda ake fassara nasarorin ƙyanƙyasa. Tun a shekarun 1890 Arthur Willey ya je tsibiran Fasifik neman ɗan tayin notilus, ya komo bai samu ba. Sai a 1985 aka ga ɗan tayi mai rai a gidan adana halittun ruwa na Waikiki da ke Hawai, abin da Arnold da Carlson suka wallafa a 1986. An sami ƙyanƙyasa ta farko a Japan a 1988, Waikiki ta biyo baya a 1990, daga bisani gidan Toba na Japan ya yi fice a wannan fage. Masu goyon bayan kiwon gida kan jero waɗannan shekaru a matsayin hujjar cewa an shawo kan matsalar. Amma su kansu masanan ba su faɗi haka ba. Sun ba da rahoton ƙyanƙyasa ne, ba na zuriya mai ɗorewa ba.

Hanyar Bincike

An dogara da rahotannin da aka wallafa daga 1966 zuwa 2018, aka kwatanta teku da tanki ta fuska uku: zafin ruwa, matsin ruwa, da tsawon zagayen haihuwa.

Sakamako da Tattaunawa

Ta fuskar zafi, babban notilus yana son ruwa mai sanyin digiri 14 zuwa 19 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan ya daɗe a sama da digiri 25 mutuwa yake yi. Wannan kaɗai ya hana a haɗa shi da kifayen murjani da ake kiwo a gida, waɗanda ke son ruwan ɗumi. Ta fuskar matsi, a zurfin mita 300 ruwa na danna shi ninki kusan 30 na matsin iskar doron ƙasa, abin da babu tankin gida da zai samar. Sanannen abu ne ga masu kula da shi cewa wasu kan taso saman ruwa su kasa nutsewa, sabon koɗin da suke yi a tsare kuma yakan fito da baƙaƙen layuka da kaushi. Moini da abokan aikinsa (2014) sun yi nazarin sinadaran wannan baƙin tabo, suka nuna ya sha bamban da lafiyayyen koɗi.

Mafi nauyin sakamako shi ne na haihuwa. Binciken Dunstan da abokan aikinsa (2011) a Osprey Reef da ke gabashin Ostareliya, inda aka yi wa notilus alama aka sake kama shi bayan shekaru, ya nuna yakan kai shekara 15 kafin ya balaga, ya kuma rayu fiye da shekara 20. Macen kan ajiye ƙwai ɗai-ɗai, manya, 'yan kaɗan a shekara, ta manna su a jikin abu mai tauri. Ƙwan yakan kwashe kusan shekara guda kafin ya ƙyanƙyashe. Bugu da ƙari, ba ya ci gaba a sanyin da iyaye ke zaune. Awon aisotof na oksijin a ɗakunan farko na koɗi ya nuna ɗan tayi yana girma ne a ruwa mai digiri 22 zuwa 24, kuma sai da aka ba ƙwan irin wannan ɗumi aka sami ƙyanƙyasa. Ke nan iyaye na son sanyi, ƙwai na son ɗumi, a teku kuwa hawa da sauka a kan gangaren murjani ke biyan buƙatun biyu.

To, ko an ƙyanƙyashe, sauran aiki ya fi yawa. Daga cikin waɗanda aka samu a Waikiki, kaɗan ne suka haura shekara ɗaya. Manyan da ake kamowa daga teku ma 'yan shekaru suke yi a tsare. Har zuwa lokacin da aka kai maganar gaban CITES, ba a sami notilus da aka ƙyanƙyashe a tanki ya girma ya haifi nasa ba. Mai kiwon tarwada yana iya cewa ya mallaki iri, domin ƙwanta dubbai ne, yana fashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kifin kuma ya isa haihuwa cikin kusan shekara. Mai notilus ba shi da wannan dama: dabba ce mai buƙatar shekara 15 a wurin da ba ta kai ko kusa da haka. Idan gidajen da ke da ƙwararru da na'urorin sanyaya ruwa ba su cike wannan zagaye ba, ɗakin shaƙatawa ba zai cike shi ba. Duk wanda ya mutu, daga teku ake ɗauko madadinsa, tekun da Dunstan, Alanis da Marshall (2010) suka ba da rahoton raguwar kamu a cikinsa har zuwa kashi 80 cikin 100 a wasu wuraren kamun notilus na Palawan da ke Filifin.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne alƙaluman sun fito daga manyan gidaje 'yan ƙalilan, kuma na balaga sun fi dogara ga wuri guda. Masu kiwon gida ba sa wallafa abin da ya mutu a hannunsu. Sai dai babu dalilin zaton cewa sakamakonsu ya fi na ƙwararru kyau.

Kammalawa

Ajiye notilus yana da hujja a cibiyoyin bincike da ke rubuta sakamakonsu, domin daga can aka san ƙwansa da ɗan tayinsa. A gida kuwa ba shi da ita. Ya kamata ƙasashen da ke ba da izinin fitar da shi a ƙarƙashin CITES su daina amincewa da sayar da mai rai ga ɗaiɗaikun mutane, a karkatar da kuɗi da ƙwazo ga ƙidaya shi da tsare gangaren da yake rayuwa.