Ɗorayi: Gandun Sarki Da Ya Koma Unguwa



Duk wanda ya ratsa Ɗorayi a yau, a Ƙaramar Hukumar Gwale ta birnin Kano, ya ga gidaje manne da juna, da wuya ya yarda cewa a ƙarni na 19 wurin nan ƙauye ne a bayan ganuwa, kuma gandun Sarkin Kano ne, kamar Nassarawa da Fanisau. Akasarin masu noma gandun bayi ne. Sukan yi aikin gandu tun da hantsi har zuwa azahar, sannan kowa ya juya gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yankar masa don kansa. Dawa da geron da suka nome kuwa fada ake kai su. Gidan sarki na Ɗorayi shi ne dalilin da ya sa a cikin haye-hayen Sallah akwai wanda ake kira Hawan Ɗorayi.

Ina jaddada maganar bayin nan da gangan, domin mun saba tarihinmu ya tsaya a kan mai rawani. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, da dokarsu da ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, har zuwa haramta bauta baki ɗaya a 1936, da dama daga zuriyar waɗannan manoma sun ci gaba da zama a kan ƙasar da iyayensu suka yi wa gumi.

Daga nan birni ya fara matsowa. Kwalejin Abdullahi Bayero ta sauka daf da Ƙofar Kabuga a shekarun 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Kano ta zama hedkwatar jiha a 1967, masana'antu suka bunƙasa a Sharaɗa. Ma'aikaci da ɗalibi da leburan kamfani duk suna neman ɗaki mai araha, ga gonaki shimfiɗe. Sai awon igiya ya kankama: gona guda a yanka ta fuloti-fuloti, a bar lungun da mota ba ta iya shiga. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, amma dillalai sun riga masu tsara gari isa gona.

A ganina nan ne aka yi babbar asara. Gona tana ciyar da magada kowace damina, kuɗin fuloti kuwa sau ɗaya ake cin su. Kuma da ƙasa ta yi daraja sai rabon gado ya yi zafi, wanda kasonta ya fi saurin salwanta ita ce 'ya mace da ke ɗakin mijinta a wani gari, alhali Suratun Nisa'i ta yanka mata nata ƙarara. Mai yanka fuloti kuma ba ya cika tuna filin maƙabarta ko na makaranta, tunda ba su kawo masa ko sisi.

Mu a nan Ɗan Isa wannan labari bai yi mana nisa ba. Ƙauran Namoda ta faɗaɗa da isowar jirgin ƙasa a 1929, ta ƙara da zuwan kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga sun koro mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi zuwa cikin gari, kowane magidanci yana neman inda zai kafa ɗaki, kuma gonakin bakin gari su ne na farko da ake ɗora wa igiya.