Famfo

famfṑ *sn., nj.* (jm. famfunā̀)

1. Na'urar da ke ɗago ruwa daga rijiya zuwa tanki: *zurfin rijiya ake dubawa kafin a sayi ~.*
(a) ~n sama: ana girke shi a bakin rijiya, ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce wajen mita 8.
(b) ~n nutso: ana zura shi cikin ruwa, ya dace da rijiyar burtsatse.
(c) ~n tuƙa-tuƙa: na hannu, ba ya bukatar lantarki.
(d) ~n sola: mai aiki da hasken rana.

2. Bakin bututu da ake murɗawa: *rufe ~, tanki ya kusa ƙarewa.*

3. Abin hura iska a taya: *~n keke.*

4. Zuga: *sun yi masa ~.*

*Dangogi:* ruwan ~. Mai gyaran ~.