Kalmomin Aikin Na'urar Tantance Masu Zaɓe

Lambar zane, wadda ake kira bakod, ita ce jerin baƙaƙen layuka da ake bugawa a jikin kwalin magani ko kayan kanti. Na'ura ke haska ta, ta mayar da layukan zuwa lambobi. An fara aiki da ita a kantin Amurka a 1974.

Al'ummar Wurno, Rabah da Goronyo sun ga amfaninta a zaɓen 2023, sa'ad da hukumar INEC ta kawo na'urar hannu ta BVAS. A nan ne jama'a, har da wasu jami'ai, kan cakuɗa kalmomi uku. Karantawa ita ce haska lambar katin zaɓe domin fito da sunan mai shi. Tantancewa kuwa gwada yatsa ko fuska ce. Duka biyun ba sa buƙatar sabis, domin rajistar rumfar tana cikin na'urar. Aikawa, wato tura hoton takardar sakamako ta intanet, ita ce mai buƙatarsa. Saboda haka rashin sabis a ƙauye ba hujja ba ce ta hana mutum jefa ƙuri'a.

Idan zanen ya goge, jami'i na iya nemo sunan da lambobi shida na ƙarshen lambar katin.