Daga Lugga zuwa Turancin Jami'a: Darasin da Ƙasar Kabi Ta Riga Ta Sani

Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin farko na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ya san irin wannan ɗalibi. Ya ci Turanci a jarrabawar kammala sakandare, ya tsallake JAMB, yana hira da Turanci ba gargada. Amma da zarar an ɗora masa littafin nazarin tattalin arziki ko na kimiyyar halittu, sai shafi guda ya cinye masa dare. Akan ɗora laifin a kan lalaci ko lalacewar makarantu. Tarihi yana nuna wani dalili da ya fi waɗannan zurfi: kalmomin ilimi fanni ne mai zaman kansa, malaman wannan yanki sun daɗe da sanin haka, tsarin boko kuwa ya iso ba tare da ya ba fannin muhallinsa ba.

Mu fara da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, ya zauna a Gwandu har rasuwarsa a 1829. Larabci ba harshen da ya tashi da shi a gida ba ne, amma da shi ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili. A cikin Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta, ya ambaci Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙa shida na jahiliyya, waɗanda ya ɗauka a wurin yayansa Shehu Usmanu. Masu zaure ba don yabon Manzo da daɗin waƙa kaɗai suke karanta irin waɗannan littattafai ba. Rumbunan lugga ne. Haka ma Maƙamatul Hariri mai maƙama 50, wadda ake bi kalma bayan kalma: almajiri ya karanta, malam ya fassara da Hausa ko Fillanci, a rubuta ma'anar a gefen takarda, a maimaita har ta zauna.

Abdullahi bai tsaya nan ba. Ya tsara Bahrul Muhiɗi a kan nahawu da Hisnur Rasini a kan sarfu, duka a waƙe domin sauƙin hadda. Amfanin sarfu shi ne tattali: wanda ya riƙe saiwar kataba ya mallaki katibu da kitabu da maktubu da maktabatu a lokaci guda. Ginshiƙai uku ke nan: nassi mai nauyi, fassara da harshen da almajiri yake tunani da shi, da sanin saiwar kalma.

Da Turawa suka zo, ba su yi gaggawar koyar da harshensu ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausar boko ta fara, domin hukuma ta fi bukatar malaman haraji da magatakardan En'e a kan masu zurfin Turanci. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yi suna wajen kyawun lafazi, har ɗalibinta Abubakar Tafawa Balewa ya shahara da zaƙin murya a majalisa. Sai dai 'yan ƙalilan ne ke samun shiga daga duk lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato da Gwandu da Argungu ke ƙarƙashinsa. Ƙaramin aji, malami mai lokaci, ɗakin karatu a kusa: kalmomi sukan shiga ɗalibi a hankali ko da ba a ware musu darasi ba.

Abin da ya yi wa 'yan ƙalilan aiki bai iya ɗaukar jama'a ba. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya fara a 1976, JAMB ta zo a 1978 da Turanci a matsayin darasin dole. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, sai ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, sannan ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013. Ƙofa ta buɗe wa 'ya'yan manoman shinkafa da masunta na fadamar Rima, amma zaton da aka gada bai sauya ba: wai wanda ya iya magana da Turanci zai iya karatu da shi.

Binciken zamani ya rushe wannan zato. Tun a 1979 Jim Cummins na Kanada ya bambance harshen hira da harshen ilimi, daga baya ya nuna cewa na farko kan samu cikin kimanin shekara 2, na biyu kuwa yakan ɗauki 5 zuwa 7. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalma kusan miliyan 3.5, ta fitar da iyalan kalmomi 570 da ke yawo a kowane fanni, waɗanda su kaɗai suke cike kusan kashi 10 cikin 100 na shafin ilimi. Mafi yawansu daga Latin da Girkanci suka samo asali, shi ya sa ba a jin su a kasuwa ko a fim. Wasu ma tarko ne. A titi, argue gardama ce. A jami'a kuwa kafa hujja ce. Significant a bakin mai hira na nufin muhimmi, amma a ilimin ƙididdiga tana nufin sakamakon da da wuya a ce dace ne kawai ya haifar da shi. Ɗalibin da bai san wannan ba zai amsa tambayar da ba a yi masa ba.

A nan ne tsohuwar hanya ta dace da sabuwar bukata. Iyalin kalma a wurin Coxhead ɗan'uwan sarfu ne: saiwar duc, mai ma'anar ja ko jagoranta, ita ce a cikin produce da reduce da deduce da conduct. Ɗalibin da zai riƙe iyali biyu a rana zai gama 570 kafin shekara ta zagayo, muddin a cikin littafin fanninsa yake haɗuwa da su, yana rubuta ma'anarsu da Hausa a gefe, yana kuma gina jimla da kowace. Malamin da ya tsaya minti biyar ya warware kalma da Hausa bai rage darajar lacca ba. Abin da masu zaure suka yi ne har suka yaye marubuta tafsiri.

Jami'ar Aliero yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Girmamawar za ta cika ne ranar da aka ba luggar Turanci sa'o'inta a jadawalin ajin farko, a can da Birnin Kebbi da Argungu, kamar yadda shi ya ba luggar Larabci shekarun ƙuruciyarsa.