Ƙwayoyin gado masu ƙaura: Abin da ƙudan 'ya'yan itace ya koya wa masana

Ƙwayoyin gado masu ƙaura wasu guntaye ne na DNA da ke iya barin wurinsu su koma wani wuri a cikin kundin gadon halitta. Wasunsu ragowar ƙwayoyin cutar bairos ne da suka shiga jikin kakannin halittu tun da daɗewa, suka zauna, ana gadonsu daga iyaye zuwa 'ya'ya. Da yawa daga cikin abubuwan da aka sani game da su an gano su ne a jikin wani ɗan ƙaramin ƙuda mai jan ido, wanda masu sayar da mangwaro da tumatir a Ƙofar Dundaye da sauran unguwannin Sakkwato suke kora daga kan kayan da suka nuna sosai.

Wane ƙuda ne?

Masana suna kiransa Drosophila melanogaster, kuma asalinsa daga Afirka ne kudu da Sahara. Tsawonsa bai wuce milimita uku ba. Ya bambanta da babban ƙudan da ke huda lafiyayyen mangwaro ya sa masa tsutsa. Shi wannan abin da ya fara ruɓewa yake bi. Daga ƙwai zuwa balaga kwana goma ne kacal a yanayi mai matsakaicin zafi, shi ya sa mai bincike zai iya ganin jikoki da tattaɓa-kunne cikin 'yan makonni. A jikinsa ne Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya ga namiji mai farin ido a 1910, binciken da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1933.

Yadda aka gano su

Barbara McClintock ce ta fara gano cewa gado yana ƙaura, a shekarun 1940, tana nazarin masara mai dabbare-dabbaren launi. An daɗe ba a ba maganarta muhimmanci ba, sai a 1983 aka ba ta Nobel. Hanyar ƙaurar iri biyu ce. Wasu guntayen ana yanke su daga wuri a dasa a wani wuri. Wasu kuma kwafar kansu suke yi, na asali ya zauna, kwafin ya tafi, kamar yadda dangin bairos ɗin HIV suke cusa kansu cikin DNA na wanda suka kama. Inda guntun ya sauka shi ne abin dubawa: idan ya faɗa tsakiyar ƙwayar gado mai aiki, yakan lalata ta ko ya sauya ƙarfin aikinta.

Rashin haihuwa a gidan ƙuda

A shekarun 1970 Margaret Kidwell da abokan aikinta suka lura da wani abin mamaki. Idan aka haɗa namijin da aka kamo daga waje da macen da aka daɗe ana kiwon zuriyarta a ɗakin bincike, 'ya'yan sukan tashi ba sa haihuwa, musamman idan an rene su cikin zafi. Idan aka juya, mace daga waje, namiji daga ɗakin bincike, 'ya'yan lafiya lau.

Daga baya aka gane sanadin: wani guntu mai ƙaura da ake kira P. Ya tsallako ne daga wani jinsin ƙuda na nahiyar Amurka, ya bazu cikin ƙudajen duniya a ƙarni na 20, ya bar waɗanda aka killace tun kafin zuwansa. Macen waje tana zuba wa ƙwanta wasu ƙananan sinadarai, piRNA, masu gane baƙon su ɗaure shi. Macen ɗakin bincike ba ta san shi ba, ba ta da abin da za ta ba 'ya'yanta, sai guntun ya yi ta yanka yana dasawa har gaɓoɓin haihuwa su lalace. A 1982 Gerald Rubin da Allan Spradling suka mayar da wannan ɓarna makami, suka yi amfani da P wajen shigar da sabuwar ƙwayar gado cikin ƙuda. A 1994 kuma aka nuna cewa wani guntu mai suna gypsy yana iya kama ƙudan da ba shi da shi, wato bairos ne sosai da ke kwance cikin gado.

Ina ruwan ɗan Adam?

Kusan rabin DNA na mutum ya samo asali daga irin waɗannan guntaye, kuma kimanin kashi 8 cikin 100 ragowar bairos ne. Mafi yawansu sun daina motsi. A 1988 Haig Kazazian ya gano yara masu cutar rashin daskarewar jini sakamakon wani guntu da ya faɗa cikin ƙwayar gadon da ke tsayar da jini. Amfani ma akwai: sinadarin syncytin da mabiyiya ke buƙata wajen haɗuwa da mahaifa daga tsohon bairos aka gaje shi.

Abin da ya fi shafar aljihun mai karatu shi ne bijire wa magani. An gano cewa wani guntu mai suna Accord ya sauka kusa da ƙwayar gadon da ke narkar da guba a jikin ƙudan, ya ƙara mata ƙarfi, har ƙudan ya iya jure wa DDT. Ƙwayoyin bakteriya ma ta irin wannan hanya suke miƙa wa juna dabarar jure wa maganin kashe su. Duk lokacin da aka sha maganin bakteriya ba bisa ƙa'ida ba, ko aka yi feshin ƙwari barkatai a fadama, masu rauni ne ke mutuwa, masu ɗauke da dabarar su hayayyafa, maganin da aka saya da tsada ya daina aiki.

Bincike a Sakkwato

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975 kuma mazauninta na dindindin yake kusa da garin Dundaye, tana da cibiyar binciken lafiya ta CAMRET inda ake kiwon wannan ƙuda. Daga cikin abin da masu bincike a can suka duba har da yadda abincin iyaye, kamar ƙarancin sinadarin zinc, ke shafar lafiyar zuriya. Kiwon ƙudan ba ya cin kuɗi kamar na ɓera, amma yana buƙatar ɗaki mai sanyin kusan digiri 25 dare da rana, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Saboda haka tsayayyar wutar lantarki tana cikin abubuwan farko da irin wannan aiki ke nema.