Kunnen Ƙarfe na Jodrell Bank

A shekara ta 1945, bayan an gama yaƙi, wani malamin Jami'ar Mancesta a Ingila, Bernard Lovell, ya kwashe kayan aikinsa ya koma wani filin jami'ar a ƙauye, wai shi Jodrell Bank, don jiragen lantarki na titunan birnin suna dagula masa na'ura. Can ya tsunduma cikin wani sabon ilmi. Abubuwan da ke sama ba haske kaɗai su ke aikowa ba, har da igiyoyi irin na rediyo, waɗanda ido ba ya gani, amma kunnen ƙarfe, in ya isa girma, ya kan tsinto su.

Sai ya ƙudura gina wani makeken kwano mai faɗin ƙafa 250, wanda za a riƙa juya shi duk inda a ke so. Haƙoran ƙarfen da ke karkata shi ma daga mazaunin igwa na tsofaffin jiragen ruwan yaƙi aka ciro su. To, amma kuɗi suka zarce lissafi, bashi ya yi katutu, 'yan majalisa suka yi ta suka, har Lovell ya fara jin tsoron kurkuku.

Ana cikin haka, ran 4 ga Oktoba 1957, sai Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Bayan 'yan kwanaki kwanon nan ya gano rokar da ta ɗauke shi, ta hanyar aika igiya ta dawo kamar amsa kuwwa. Masu zagi jiya suka koma masu yabo.

Abin mamaki, Rasha da Amurka ba su ga maciji da juna, amma kowace sai da ta nemi wannan kunne. A watan Satumba 1959 Rashawa suka bugo waya, suka faɗi inda za a saurari kumbonsu Luna 2, don sun san in su kaɗai suka ce sun isa wata, akwai masu cewa ƙarya ne. Aka kasa kunne har muryar kumbon ta ɗauke, watau ya faɗa kan wata ke nan. A 1960 kuwa Amurkawa suka harba Pioneer 5, daga Jodrell Bank aka riƙa aika masa umurni, ana jinsa har ya wuce mil miliyan 22. A shekaran nan ne attajirin nan Lord Nuffield da gidauniyarsa suka biya ragowar bashin.

Zumuncin bai rasa tangarɗa ba. A watan Fabrairu 1966, da Luna 9 ya sauka kan wata yana aiko hotuna, mutanen Lovell suka tsince su, suka aro na'urar karɓar hoto daga jaridar Daily Express. Aka buga hotunan a Ingila tun Mosko ba ta fitar da nata ba. Rashawa kuwa ba su ji daɗin wannan riga malam masallaci ba.